Wa Zai Miƙo Mini Maganin?

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. A wannan karon Gwaggo aka kira, ta kuma amsa ba tare da ta tsaya gardama ba, abin da duk wanda ya san ta zai ce ba halinta ba ne. Da hantsi ta cika, ana yayyafi, bayan ta sha kokonta ta ce a gyara mata filo. Kafin azahar gidan ya cika har bakin kwata.

Matan Sabo, unguwar Hausawan Ibadan, suka yi ta shigowa da mayafai a jiƙe, kowace da abin da take faɗa. Wannan ta ce Gwaggo ce ta yanke wa 'ya'yanta cibiya kaf, waccan ta ce ita kanta a hannun Gwaggo ta faɗo duniya. Yarabawan Mokola, waɗanda suka saba aikowa a kira ta in haihuwa ta zo da gardama, suka shigo da kuka hannu a ka, sai da dattawan matanmu suka lallashe su cewa mu addu'a muke yi wa mamaci. Wata tsohuwa mai sayar da amala ta riƙe hannuna tana ta cewa "pele, pele, omo mi," wato sannu 'yata, sai idonta ya sauka a kan cikina. Ba ita kaɗai ba. Duk wadda ta zo yi mini gaisuwa da fuskata take farawa, ta ƙare a kan cikin. Wata bakwai ne, ba ya ɓoyuwa, kuma babu gidan da ba a san labarin haihuwata ta farko ba.

Ina rubuta wannan ne don kada a manta da ita. Amma ba zan ɓoye ba, ina rubutawa kuma don hannuna ya sami abin yi, saboda in na zauna haka nan tsoro ne yake cin raina.

Gwaggo yayar mahaifinmu ce. Ita ta riƙe mu, ni da Yaya, bayan rasuwar mahaifiyarmu. Daga Kano aka kawo ta Ibadan tana amaryar wani fatakin goro, mijin ya rasu, ita ta zauna. Ta fi shekara arba'in a garin nan, amma Yarabancinta bai taɓa sauka daga kan harshen Kanawa ba, in kuma muka yi mata dariya sai ta ce ai mai naƙuda ba ta taɓa cewa ba ta gane ba. Goro ba ya barin kuncinta. Ba ta iya rarrashi da baki ba, da aiki take yi. In kana kuka ba za ta ce ka yi haƙuri ba, sai dai ta turo maka kwano ta ce, ci, kukan ma da ƙarfi ake yin sa. Ni kuwa suna ta sa mini, Uwar 'Yan Tsoro, don tun ina ƙarama ko ƙadangare ya gifta sai na yi salati.

A bayan ɗakinta akwai wani ɗan tsiri na ƙasa, faɗinsa bai kai tabarma ba. Gidajen Sabo duk siminti ne, ɗaki a kan ɗaki, babu inda za ka soka tsinke. Wannan tsirin kaɗai ya rage, kuma a nan take binne mabiyiyar duk jaririn da iyayensa ba su da ƙasa. Da hannunta take wanke ta, ta naɗe ta a farin ƙyalle, ta yi bismilla ta rufe. Lokacin da mai gidan ya zo da birkila zai shafe wurin ya fitar da shago, ta ɗauko kujerarta ta tsakar gida ta dasa a kai, ta ce a zuba simintin har da ita. Ta wuni a nan, rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, birkila ya gaji ya kwashe cebur ɗinsa. Ita a wurinta mabiyiya ba ƙazanta ba ce. Abokiyar tafiya take kiranta, ta ce wanda ya rako ka wata tara ba a jefa shi a bola.

Ni da Yaya duka muna da farfaɗiya. Na faɗa a fili, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta fara kama Yaya tana firamare, ni kuma sai da na shiga sakandare ta kayar da ni a layin famfo, 'yan makarantarmu suka watse suna ihun "warapa," wato farfaɗiya da Yarabanci, kada yawuna ya taɓa su. An yi mana rubutu, an yi hayaƙi, an kai mu wurin wani mai magani a bayan gari. Da Gwaggo ta ga abin ba ya ja da baya, ta yafa mayafinta ta kai mu babban asibiti, ta ce ita ungozoma ce, abin da ke cikin kai ba fanninta ba ne. Aka ɗora mu a kan wata 'yar farar ƙwaya, kullum da safe. Ciwon ya kwanta. Muka yi ƙiba, muka yi samari, muka yi aure.

Yaya ta haifi 'ya'yanta uku tana shan ƙwayar nan, duka lafiyayyu, masu ƙiriniya kamar a ba su aron hankali. Saboda haka da na sami ciki ban tsaya tunani ba. Uwa ɗaya, uba ɗaya, ciwo ɗaya, magani ɗaya, wani lokacin ma daga kwalba ɗaya muke sha in nawa ya ƙare. Duk matan Sabo haka muke lissafi. Abin da ya yi wa wance aiki zai yi miki, abin da bai cuci wance ba ba zai cuce ki ba.

A asibiti na haihu, saboda ciwona. Gwaggo tana bakin ƙofa da bokitinta mai murfi, tana jiran a miƙo mata mabiyiya. Na ji kukan yaron, sannan nas ta ce da abokiyar aikinta wani abu a hankali da Yarabanci, ta manta ni haifaffiyar Ibadan ce. Leɓensa na sama a tsage yake har cikin hanci, da ganɗarsa ma. Na juya fuskata bango. Gwaggo ce ta karɓe shi, ta duba shi tun daga kai har yatsun ƙafa, ta ce, "Namiji ne, kuma mai kunnen ubansa. Tashi ki gani."

Bai iya kama nono ba. Duk abin da aka ba shi ta hanci yake dawowa. Gwaggo ta dawo ɗakina da tabarmarta, ta sa ni ina tatsa a kofi, ita kuma ta zaunar da shi a cinyarta tana ɗiga masa da ƙaramin cokali, ɗigo-ɗigo, tana yi masa zagin wasa cewa angon nata rowa gare shi har da haɗiya. Kira ya zo mata daga gidaje da yawa a kwanakin nan, ta ce a nemi wata. Da cokalin nan yaron ya rayu.

Surukata, mahaifiyar maigidana, wadda nake kira Inna, ba muguwar mace ba ce, amma bakinta ba shi da linzami. Ranar suna, a gaban mata, ta ce su dai a zuriyarsu ba a taɓa haifar irin wannan ba, ga abin da ƙwayar asibiti da jinin wasu gidaje suke jawowa. Na shige ɗaki na rufe ƙofa. Bayan na yi arba'in Gwaggo ta ce in shirya, za mu koma wurin likita, tana da tambaya.

Likitar mace ce, Bayarabiya, mai farin tabarau da haƙuri. Ni ce tafinta, don da Turanci take bayani. Gwaggo ta ajiye gaisuwa a gefe ta ce in tambaye ta: ga 'yan'uwa biyu ciki ɗaya, suna shan abu ɗaya, don me ya tsallake 'ya'yan waccan ya taɓa na wannan?

Likita ta ce da farko ba za ta iya rantsuwa cewa ƙwayar ce ba, don ana haifar irin yaran nan ga matan da ko fanadol ba su sha ba, sai dai maganin yana ƙara yiwuwar hakan. Sannan ta ce mabiyiya ba bango ba ce. A jikinta akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ido ba ya gani, aikinsu ɗauka: wasu suna shigar wa jariri da abin da yake bukata daga jinin uwa, wasu kuma suna kamo abin da bai kamata ya shiga ba su mayar da shi waje. Ta ce yawansu da ƙarfinsu ba ɗaya ba ne a kowace mabiyiya, don haka mata biyu za su haɗiyi ƙwaya iri ɗaya, amma abin da ya isa ga jariransu ya bambanta. Ta ce su ma likitoci yanzu suke fahimtar abin, kuma ba ta da wani awo da za ta yi mini ta gane irin tawa.

Gwaggo ta juya goronta zuwa ɗaya kuncin ta ce, "'Yan dako ke nan, irin na kasuwar Bodija. Wata motar ta samu ƙarti, wata ta samu ragwaye." Na fassara, likita ta yi dariya ta ce haka ne. Sai Gwaggo ta ce in tambaya, 'yan dakon nan daga gidan wa ake gadonsu. Likita ta ce mabiyiya ba naman uwa ba ce, daga jikin jaririn take tsirowa, saboda haka rabin halittarta daga uwa ne, rabi daga uba, kuma kowane ciki da sabuwar tasa.

Ban taɓa ganin Gwaggo ta tashi daga kujera da sauri irin na ranar ba. Ko gida ba mu biya ba, daga tashar Mokola ta ja ni har ɗakin Inna. Ta yi sallama, ta zauna, ta gaisa har da tambayar ƙafa, sannan ta ce, "Hajiya, na zo in yi miki albishir. Mabiyiyar da ta bar maganin ya wuce, rabinta na ɗanki ne. In za a raba laifi, sai ki kawo kwanonki." Inna ta ce wace irin maganar banza ce wannan, ita ba ta san wani ɗan dako ba, ta dai san abin da idonta ya gani. Suka yi ta yi, maƙwabta suka taru a ƙofa, ni kuwa ina goye da yaro kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga ranar suka daina gaisawa sai a gidan biki ko na mutuwa, nan ma da leɓe. Amma Inna ba ta sake cewa jinin gidanmu ba. A kan ƙwaya dai ta tsaya, ba ta sauka ba.

Ni kuma sai fushina ya sami wurin sauka. Wata rana da yamma na tarar da Gwaggo tana share ɗan tsirinta, na ce ta nuna mini inda ta binne mabiyiyar yarona, in tofa mata yawu, tunda amanata ta ci. Ta dogara da tsintsiya ta dube ni. "Ke kin san nawa ta tare?" in ji ta. "Wata tara kina aiko mata da abu kullum safiya, tana mayarwa. Ɗan abin da ya kuɓuce mata kike gani. Ta yi iyakar ƙarfinta, ke ma kin yi naki." Na tsuguna a wurin na yi kukan da ban yi ba tun ranar haihuwa. Ta bar ni na gama, ta ce in tashi daga kan 'ya'yan mutane.

An yi wa yaron aiki, an ɗinke leɓen, daga baya aka ɗinke ganɗar. Yanzu yana firamare. Da tabo, kuma maganarsa ta hanci take fita, yara suna kwaikwayonsa, shi kuma yana dukansu. Ina son sa fiye da yadda kunyar ɗan fari take barin mace ta faɗa. Amma wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya zabura. Na yi shekaru ina roƙon Allah a ɓoye kada in sake ɗaukar ciki, ina dama zoɓona ina ƙulla ƙanƙarata ina ce wa mutane Allah ne bai kawo ba. Da Ya kawo ɗin, rannan ko ruwa ban iya haɗiya ba.

Likita ta rage mini maganin iya yadda zai ragu, ta ƙara mini na ƙarin jini, ta ce kada in kuskura in daina, don in ciwon ya kayar da ni zai iya kashe mu duka biyun. Inna ta ce in daina, a koma rubutu, Allah ne mai tsarewa. Maigidana, wanda ke sauke albasa a kasuwar Shasha, mutumin kirki ne, amma in aka sa shi tsakanin mahaifiyarsa da likita sai ya tuna yana da mota a hanya. Yaya kuwa cewa take ita dai ba ta ga komai ba a nata, ta kasa gane cewa wannan maganar ce ta fi ƙona mini rai. Gaba kura, baya sayaki. Sai in zauna da ƙwayar a tafin hannu har ta fara narkewa da gumi, ina tunanin ko wannan ce za ta wuce.

Gwaggo ta gano. Ta ƙwace kwalbar ta sa a lalitarta. Daga nan kullum da sassafe sai in ji ƙarar sandarta a kan dakalin ƙofa, ta taho daga layinsu da ƙafafunta da suka fara kumbura, ta tsallake kwatoci, ta zauna tana haki. Ta zazzago ƙwaya ɗaya ta ce, "Buɗe baki, Uwar 'Yan Tsoro." Ta sa mini a kan harshe da yatsunta masu warin goro, ta miƙo ruwa. "Ni na ba ki. In da laifi, a kaina yake. Ke dai haɗiya kika yi." Na san dabara ce irin ta yara. Na san jinin da maganin zai bi nawa ne, ba nata ba. Amma wallahi da ita nake samun barci. Haka muka yi watanni, har ƙafar ta hana ta fita, na koma ni nake zuwa bakin gadonta. Safiyar da ta rasu ma sai da ta ba ni.

Washegari Yaya ta tsinci kwalbar a ƙarƙashin filo ta miƙo mini. Na karɓa na sa a jaka. Gidan makoki cike da mata, ana ta raba gumba, ana ta Allah ya jiƙan rai, babu wanda ya lura. Na fito da ƙwayar, na dube ta, na mayar. Likita ta gaya mini tuntuni cewa leɓe a watannin farko ake ƙera shi, abin da ya faru ya riga ya faru. Na sani. Amma akwai ƙwaƙwalwa, akwai zuciya, akwai abubuwan da ban san sunansu ba, kuma tsoro ba ya jin bayanin likita. Na ce gobe. Goben ta zo, na sake cewa gobe.

Ranar sadakar bakwai ina tsakar gida kusa da murhu, ana suyar waina, na ji wannan warin da yake zuwar mini kafin ciwon, kamar an ƙona gashi. Ban san sauran ba. Da na farfaɗo ina kwance a kan siminti, harshena ya fashe, gefen zanena ya ƙone, kaina kuma a kan cinyar Inna. An ce ita ta finciko ni daga bakin wuta, har man suyar ya fallatso mata a hannu. Abin da na fara yi shi ne dafa cikina. Shiru. Yaron da ya saba harbina kamar mai bin bashin wuri, shiru.

Ga wahalar man fetur, tasi babu. Maigidana ya tare wata motar kaya ta abokinsa, aka sa ni a gaba, Inna a gefena. Tun daga Sabo har asibiti ina ganin leɓenta yana motsi da addu'a. Nas ta ɗora ƙahonta na sauraron jariri a kan cikin tana matsawa nan, tana matsawa can, tana yamutsa fuska. Can ta ɗago ta ce, "E dey, yana nan. Zuciya na bugawa." Likita ta zo ta yi mini faɗa sosai, kuma ta yi a gaban Inna, da Hausarta 'yar kaɗan, don ta tabbata an ji. Inna ta tambaye ta ko za ta iya ba da tabbacin cewa maganin ba zai taɓa wannan ba. Likita ta ce ba za ta iya ba. Sai da la'asar, muna hanyar gida, na ji ɗan motsi a ƙarƙashin haƙarƙarina, kaɗan, kamar mai jin haushi.

Kashegari da safe ina zaune bakin gado da kwalbar a hannu aka yi sallama. Inna ce, hannunta naɗe da bandeji. Ba ta saba shigo mini ɗaki ba sai da dalili. Ta zauna ba a ce ta zauna ba, ta karɓi kwalbar, ta yi ta kokawa da murfin da hannu ɗaya har ya buɗe.

"Har gobe ban yarda da abin nan ba, 'yar nan," in ji ta. "Amma na ga abin da rashinsa yake yi. Waccan tsohuwar ta ce in kawo kwanona, na ƙi. To, ga shi na kawo, ba ta nan ta gani." Ta goge ido da gefen mayafi. "Buɗe bakinki."

Na buɗe. Ta sa mini ƙwayar a kan harshe.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata, ya sa ƙasa ta yi mata sauƙi kamar yadda ta sauƙaƙa wa matan unguwar nan. Saura 'yan makonni in haihu. Ban san irin mabiyiyar da Allah ya ba wannan ba, likita ba ta sani ba, Inna ma ba ta sani ba. Kullum da safe tana zuwa, ta ba ni, ta tsaya sai ta ga na haɗiye. Sannan ta ɗora hannunta mai ƙuna a kan cikina, mu biyu muna jira ya motsa.